Saƙon da Bai Isa Sheme Ba

Wanda ya tare saƙon da aka aika wa Lidiya ɓarawo ne, ko da hannunsa bai taɓa ƙwayar masara ɗaya ba. Ya saci shukar farko ta gidaje goma sha ɗaya a Sheme. Ya saci mutuncin matar da ta shekara shida riƙe da makullin sito ba a taɓa kama ta da ko mudu ba. Da ya gama, ya zauna cikin jama'a yana girgiza kai tare da masu girgizawa.

Ƙungiyar manoman iri ta yankin tana da sito uku: ɗaya a Ƙanƙara, ɗaya a Sheme ta ƙasar Faskari, ɗaya a Sabuwa. Tun shekarar da aka katse layukan waya, ƙungiyar ta daina jingina aikinta da waya. Ta ajiye kwamfuta ɗaya a ofishin Ƙanƙara, wadda ake kira saba, ita ke karɓar imel ɗin ma'aikata ta jefa wa kowa a akwatinsa. Dokar aikin ba ta da wuya. Rukayya mai gwaji za ta shuka ƙwaya ɗari daga kowane rukunin iri a faranti. In ya faɗi, sai ta rubuta wa masu sito uku kada su raba.

Rukuni na sha huɗu ya faɗi, ƙwaya ashirin da uku kawai suka tsira. Rukayya ta rubuta, na'ura ta nuna mata an kai, washegari ta tafi kwas Katsina. Lidiya kuwa ta raba buhunan a Sheme. Aka shuka da ruwan farko, aka jira kwana tara, gonaki suka fito tsilli-tsilli kamar kan mai makero.

Lidiya ta ce ba ta ga saƙo ba. Ba wanda ya yarda da ita, don mutane sun fi gaskata na'ura a kan mace mai rai da suka sani tun tana goyo. Wasu suka ce ganda ce ta hana ta karantawa. Wasu suka ce ta karanta ta share. A bakin titin Sheme masu tebur suka daina amsa gaisuwarta.

Baba Ɗanlahadi, shugaban ƙungiyar, shi kaɗai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya aika garin Pauwa a kira Mati.

Mahaifin Mati mai bin sawu ne. In an kore shanun wani, shi ake tasowa, kuma tun Mati bai kai shekara goma ba yake bin bayansa cikin daji yana koyon bambanta kofaton saniyar da ke kiwo da na wadda ake kora. Da daji ya daina shiguwa, Mati ya koma gyaran waya, daga nan ya koya wa kansa kwamfuta da tsofaffin littattafai da ɓata-gyara. Shi ya kafa wa ƙungiyar sabar nan da hannunsa.

"Malam Mati," in ji Baba Ɗanlahadi, "ranar Alhamis kwamiti zai zauna. In ba abin da ya sake, za mu amshi makulli hannun ɗiyar nan. Ni ban iya karatun injinku ba. Amma na san uwarta, na san kakarta, ba su ƙarya."

"Baba, na'ura ma ba ta ƙarya. Sai dai abin da aka tambaye ta take amsawa. An tambaye ta ko ta kai, ta ce ta kai. Akwai wanda ya tambaye ta ina ta kai?"

Tsohon ya dube shi. "Babu."

"To ni zan tambaya."

Ran Litinin da hantsi ya ɗaure jakarsa a babur ya nufi Sheme. Ya sami Lidiya a ƙofar sito tana ɗinke bakin wani buhu, ɗinkin da ba ya buƙata, don dai hannunta ya sami abin yi.

"Sannu da aiki, Maman Alheri."

"Yauwa, Malam. Kai ma ka zo ganin maƙaryaciya?"

"Na zo ganin kwamfutarki. Yaushe rabonki da imel?"

Ta yi lissafi da yatsa. "Sati uku ke nan. Ba wanda ya shigo."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Na ɗauka damina ce, kowa na gona. Da abin ya dame ni na gaya wa Ishaya mai sola. Ya zo ya hau rufi, ya duba kwanon sadarwa, ya ce lafiya lau."

Mati ya zauna gaban kwamfutar ya rubuta kalma ɗaya, gwaji, ya aika daga akwatin Lidiya zuwa akwatin Lidiya. Na'ura ta nuna an kai. Suka jira. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara, suka sake dubawa. Akwatin na nan wayam.

"Kin gani? Yanzu a gabanki aka ce an kai."

Lidiya ta ajiye allurar. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan buhu ta rufe fuska da gefen zanenta na ɗan lokaci. "Ashe ban haukace ba," ta ce. "Na fara tunanin ko na gani na manta."

Da rana ya isa Sabuwa. Bilya mai sito yana zaune ƙarƙashin rumfa, ya tashi da sauri har yana ture kujera.

"Kai ka ga saƙon Rukayya?" Mati ya tambaye shi ba tare da dogon zance ba.

Bilya ya fara duban ƙasa. "Wallahi, Malam, ni rukunin nan ban raba ba. Yana can ƙasan jibga, ban kai gare shi ba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ban gani ba."

"Kuma ka ji ana jan Lidiya a ƙasa sati guda ka yi shiru?"

"In na ce ban gani ba, sai a ce ni ma ban karanta ba. Ina da iyali."

"Ita fa itace take da shi?"

Irin Bilya suna da yawa, ba su sata, ba su ƙarya, amma da shirunsu ake gama mai gaskiya. Mati ya sa shi ya ja buhunan sha huɗu gefe ya ɗaure su da jan ƙyalle, ya ce ya shirya zuwa Ƙanƙara ranar Alhamis.

Ran Talata ya shiga ofishin Ƙanƙara. Mai siton can, Malam Abdulganiyu, dattijo ne mai farin gemu da ba ya ɗaga murya. Shi saƙo ya zo mashi, ya karanta, ya killace nasa buhunan tun ranar. Saboda haka ma aka fara raɗa a gari cewa da saninsa, don a ce shi kaɗai ne mai kula.

"Ni na ɗauka kowa ya samu," in ji shi. "Sunayenmu uku na gani a saman saƙon."

"Ba ka tuntuɓi kowa ba, Malam?"

Dattijon ya shafa gemu. "Na aika a tambaya. Aka ce an sanar."

"Wa ya ce?"

"Bari dai ka gama dubawarka tukuna."

Mati bai matsa ba. Mahaifinsa ya koya mashi cewa in sawu ya shiga kan dutse ba a tsayawa ana haƙa, zagayawa ake yi a tare shi inda ya sauka.

A ɗakin saba ya tarar da Ishaya yana goge kawunan batura. Tun suna samari suke wasa da juna.

"Mai bin sawu," in ji Ishaya, "yau kofaton wa kake nema a ɗakina?"

"Naka. An ce ƙanwarka Blessing ta nemi aikin siton Sheme ba ta samu ba."

Dariyar ta bar fuskar Ishaya. "Na ji. Har coci an kai zancen. Ka duba, in ni ne ka faɗa a kasuwa."

"Wa ke da kalmar sirri ban da ni da kai?"

Ishaya ya buɗe ƙofar kabad. A jikinta ta ciki an manna takarda da kalmar a rubuce ɓaro-ɓaro. "Kowa. Wanda ya zo cajin waya ma ya gani."

Mati ya yage takardar ya sa a aljihu. Sakaci irin wannan shi ke buɗe wa mugu ƙofa, sannan a zo ana mamakin yadda ya shigo.

Ya fara da rajistar da na'ura ke rubuta duk saƙon da ya ratsa ta. Ga na Rukayya nan da ranarsa da sa'arsa. Na Abdulganiyu ya faɗa akwatin Abdulganiyu. Na Lidiya da na Bilya kuwa sun faɗa wani tsohon akwati na ma'aikacin da ya bar aiki shekara biyu da suka wuce. Mati ya buɗe shi. Saƙonnin sati uku ne jibge ba a taɓa su ba, gwajinsa na jiya a sama.

"To wa ya ce mata ta kai can?" Ishaya ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Akwai jerin da ake rubuta mata: saƙon wane, kai shi akwatin wane. Don in mutum ya tafi hutu wani ya riƙa karɓa."

Ya buɗe jerin. Tsaf yake, babu sunan Lidiya, babu na Bilya. Wanda ya rubuta ya dawo ya goge.

"Ya share sawunsa," in ji Ishaya.

"Ya share na kan hanya. Amma har jiya tana karkatarwa. Na'urar nan ba jerin take karantawa kullum ba, haddace shi take yi. In ka rubuta sai ka umarce ta ta haddace. In ka goge ma sai ka sake umartarta, in ba haka ba da tsohuwar haddar za ta ci gaba. Mutumin ya san na farko, ya manta na biyu."

Ya sa na'urar ta karanto abin da ta haddace. Layi uku suka fito, duk suna nuna tsohon akwatin nan. Na farko lidiya. Na biyu bilya. Na uku malam.

Ishaya ya fashe da dariya. "Malam? To ai kai ne. Na kama ɓarawo."

"Mu bakwai ake kira haka a ƙungiyar nan."

"To wanne daga ciki?"

"Babu akwati mai wannan suna. Shi ya sa layin bai yi aiki ba." Mati ya jingina da kujera. Masu sito uku aka rubuta wa, layi uku aka sa. Ashe ba a bar Malam Abdulganiyu da gangan ba, an so a tare nasa ma, hannu ne ya rubuta wani abu a madadin sunansa. Ya kwafe layukan a takarda, bai gyara komai ba tukuna.

Da la'asar Gide sakatare ya shigo da kwanon fura. Mutum ne mai fara'a, mai saurin hidima, shi ke riƙe da takardun ƙungiya duka.

"Malam Mati, a jiƙa maƙoshi. An samu wani abu?"

"Ana dai dubawa."

Gide ya rage murya, ya dubi ƙofar da Ishaya ya fita. "Ba na son zargi. Amma ranar Juma'a in mun tafi masallaci, ka san wa ke rage a ofis."

"Na sani." Mati ya kurɓi furar. "Ka taimake ni da abu ɗaya. Ka aika wa duk wanda abin ya shafa imel, su zo zaman Alhamis."

Suka je teburin Gide, Mati ya tsaya a bayansa kamar mai duba kalanda. Gide ya rubuta lidiya, adireshinta ya fito. Ya rubuta bilya, ya rubuta rukayya, ya rubuta ishaya. Sannan ya rubuta malam, kwamfutarsa ta cika da adireshin Abdulganiyu, don haka ya adana shi a jerin adireshinsa. Yatsunsa ba su ko tsaya ba.

Mati ya gode mashi da fura, ya fita. A bakin ƙofa ya tambayi mai gadi, "Baba, Aminatu matar sakatare ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Malam Abdulganiyu mana. Ta fari ma."

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a zauren ofis. Baba Ɗanlahadi na kan kujera, 'yan kwamiti a gefensa. Rukayya ta dawo daga Katsina. Manoman Sheme huɗu sun zo da fuska a ɗaure. Lidiya ta zauna can baya da makullin a hannu, a shirye take ta miƙa.

Mati ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla, ya nuna tsohon akwatin da saƙonnin da ke ciki. Bilya ya tashi ya ce shi ma bai samu ba. Ɗaya daga cikin manoman ya juya ya dubi Lidiya, ya sunkuyar da kai.

"To wa ya yi?" in ji Baba Ɗanlahadi.

"Baba, kafin nan ina roƙon sakatare ya karanto sunayen waɗanda suka halarta."

Gide ya miƙe da littafinsa. Ya kira Baba Ɗanlahadi, ya kira Rukayya, Ishaya, Bilya, Lidiya, har manoman Sheme ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan dattijon ya ce, "Da Malam."

"Wane Malam?"

"Malam na sito."

"Sunansa nake so."

Wani ɗan kwamiti ya yi dariya. "Haba Malam Mati, surukinsa ne. Ta ina zai faɗa? Ko a takarda ba ya rubutawa, duk mun sani."

"Na gode, Alhaji. Abin da nake so a ji ke nan." Mati ya ɗaga takardar da ya kwafe. "Wanda ya tare saƙon ya rubuta layi uku. Ya rubuta lidiya, ya rubuta bilya. Da ya zo na uku bai rubuta suna ba, ya rubuta malam. A kwamfutarsa in ya rubuta haka adireshin na fitowa, sai ya ɗauka saba ma ta san wanda yake nufi. Ba ta sani ba. Ishaya kullum Baba Abdulganiyu yake cewa. Rukayya haka. Ni haka. Mutum ɗaya ne a ofishin nan da bakinsa da hannunsa ba su iya kama sunan nan."

Gide ya ce, "Wannan ai zato ne. Kowa na iya rubuta malam."

"Haka ne," in ji Baba Ɗanlahadi. "Buhunan iri lamba kawai gare su, don kada mai gwaji ta san na wane ne. Littafin lambobin yana hannunka. Buɗe ka karanta mana sha huɗu."

Gide bai buɗe ba. Baba ya miƙa hannu, aka karɓo littafin, Rukayya ta karanta. Rukuni na sha huɗu daga gonar Gide ya fito. Bara ma irinsa ya faɗi, kuma a dokar ƙungiya wanda ya faɗi sau biyu a jere ya fita daga masu noman iri.

Rukayya ta ce, "Shi ya sa kullum kake leƙa farantaina kana tambayar nawa suka fito."

Malam Abdulganiyu ya gyara zama. Bai dubi surukinsa ba, ƙasa ya duba. "Ranar da saƙon ya zo na aiki ɗiyata ta tambayi mijinta ko sauran sun samu. Ta dawo ta ce ya ce an sanar da kowa. Tun ranar da na ji labarin Sheme nake ɗauke da wannan magana. Na so ya faɗa da bakinsa. Na jira shi kwana tara."

Nan Gide ya zauna. Ya ce masarar ta sha danshi a rumbu, ya yi fatan ko rabi za ta tsira a gona a ɗora wa ruwa laifi. Ya ce bai yi nufin abin ya faɗa kan Lidiya ba. Ƙarya ce, kuma kowa a zauren ya san ƙarya ce, don sati guda yana rubuta takardar korarta da hannunsa. Mutum ya ji kunyar kiran sunan surukinsa, amma bai ji kunyar bar wa gidaje goma sha ɗaya gona fayau ba. Wannan ba tarbiyya ba ce, sauranta ne kawai.

Lidiya ta taso ta ajiye makullin gaban Baba Ɗanlahadi. Tsohon ya ture shi da sandarsa ya koma gabanta.

"Ɗauki abinki, ɗiyata. Gobe da safe mota za ta kawo maki rukuni na tara, ya ci gwaji casa'in da shida. Ruwa bai wuce ba."

Babban cikin manoman Sheme ya yi gyaran murya. "Maman Alheri, mun yi maki ba daidai ba. Da bakinmu muka ɓata, da bakinmu za mu gyara ranar kasuwa."

"Ku dai zo da wuri," in ji ta. "Ba na son layi har azahar."

Mati ya koma ɗakin saba, ya umarci na'ura ta sake haddace jerin, ya mayar wa Lidiya da Bilya saƙonninsu, ya sauya kalmar sirri. Ya sa Rukayya ta aika gwaji, ya buɗe rajista ya nuna mata inda ake ganin akwatin da saƙo ya faɗa. Daga ranar aka ƙara doka: duk mai siton da aka rubuta wa sai ya amsa da kalmarsa, in bai amsa ba a hau babur a je.

Kwamiti ya tuɓe Gide daga sakatare a zaman nan, ya soke sunansa daga masu noman iri har shekara biyar, ya kuma yanke cewa ya fita da shanunsa da garmarsa ya sake huɗar gonaki goma sha ɗaya na Sheme kafin ya taɓa tasa.